Ƙafar Hagun Alhaji Idrisu

Malam Dalhatu mutumin wani ƙauye ne a bayan Ringim, amma in ka tambaye shi garinsu sai ya ce maka Challawa, unguwar masana'antun Kano, don can ya bar ƙuruciyarsa da rabin hancinsa. Yana ɗan shekara goma sha tara ya shiga wata majema yana jan ɗanyar fata daga wannan kwatami zuwa wancan, har ta kai matarsa Saudat kan gane ya doso gida tun yana bakin layi saboda warin fata. Da majemar ta rufe sai ya tsallaka Bompai, wani ƙaramin kamfanin takalma ya ɗauke shi shara. Daga shara ya koma shafa gam, daga gam ya kama wuƙa. Yau shekara ashirin da shida yana riƙe da tebur guda a lungun kamfanin, wanda ake kira teburin oda, inda ake yi wa masu hali takalmi daidai ƙafarsu.

Teburin nan shi ne duniyarsa. Sauran ma'aikata inji suke tsaye a kai yana amayo silifas, ba su san wanda zai sa ba, ba su kuma damu su sani ba. Shi kuwa alhazai ke takowa har gabansa, su taka kwali, ya durƙusa ya zagaye ƙafar da biro, dama daban hagu daban, yana dannawa nan yana latsa can. Yakan ce duk Kano shi kaɗai ne talakan da attajirai ke tuɓe wa takalmi. Yana da girman kai irin na mai sana'a, ba kuma a banza ba, domin ba a taɓa dawo masa da aiki an ce ya ciji ƙafa ba.

Ana nan sai mai kamfanin ya gaji, ya miƙa wa ɗansa Muhyiddeen ragama. Muhyiddeen mutum ne mai ladabi, irin ladabin da ke sa gaban tsoho ya faɗi. Ran nan ya zo teburin oda, ya rusuna ya gaida Malam Dalhatu, sannan ya ajiye masa kwamfutar hannu mai faɗin faranti, da wani alƙalami marar tawada.

Ya ce, "Baba, mun sayo injin yanka fata, kuma ba ya karanta kwali. Nan da wata uku duk zanen oda a kan wannan za a riƙa yi. In kun iya, tebur naku ne. In abin ya yi muku nauyi, akwai wuri a sito, ba wahala, zama ne kawai."

Malam Dalhatu ya san sito. Can kamfanin ke ajiye gam ɗin da ya bushe da mutanen da ake jin nauyin kora. Ya ce, "To, Manaja, Allah ya ba mu iko." Ya sa abin cikin jakar buhu tare da kwanon abincinsa, ya tafi gida.

A Sharada ake koyarwar, Asabar da Lahadi bayan azahar, a wani ɗaki saman tsohuwar masaƙa. Mai koyarwar Malama Aina'u ce, sa'ar 'yarsa ta biyu, mace mai haƙuri da dariyar da take ɓoyewa a bayan mayafi. Ranar farko allon, haka yake kiran abin, ya ƙi sanin yatsansa sam. Shekara da shekaru na gam da wuƙa sun mai da yatsun kamar busasshen rogo. Ya taɓa, shiru. Ya danna, shiru. Sai ya lashi yatsan kamar mai buɗe littafi ya sake taɓawa, allo ya buɗe. Da aka zo alƙalami kuwa, ya riƙe shi riƙon wuƙa ya danna da ƙarfin kafaɗa.

Malama Aina'u ta ce, "Baba, a hankali. Gilashi ne, ba fatar sa ba."

Sati biyu yana komawa gida yana huci, yana ce wa Saudat wasan yara aka haɗa shi da shi da furfurarsa. A sati na uku aka nuna masa abin da ya karya masa lago. Ya ja wani layi ya karkace, ya yi tsaki, sai Malama ta sa yatsu biyu ta taɓa gilashin, layin ya ɓace kamar ba a taɓa yi ba. Malam Dalhatu ya ƙura wa allon ido. A sana'arsa in wuƙa ta kauce, ta kauce ke nan, fatar ta tafi, kuma har abada ka san kai ka ɓata ta.

"Malama, wato a nan kuskure ba ya zama?"

"Ba ya zama, Baba. Ko sau ɗari ne."

Yinin ranar bai zana komai ba. Layi yake ja a karkace da gangan yana gogewa, bakinsa har kunne. Daga nan fa sai ya kamu. Ya koyi ɗora zane hawa-hawa, tafin takalmi a ƙasa, fuska a sama, ɗinki a samansu. Ya koyi canza launin fata daga ja zuwa ruwan ƙasa ba tare da ya shaƙi rini ba. Ya koyi buɗa yatsu ya kumbura zane har ya ga kowane ramin allura. Mutumin da ya ce wasan yara ne ya koma Saudat na kiransa tuwo yana cewa a rufe masa.

Abu na ƙarshe da aka koya musu shi ne madubi. Malama ta tarar da shi ya gama zanen dama ya soma na hagu daga farko, ta ce, "Baba, me ya kai ku wahala biyu? Ku zana dama, ku taɓa nan." Ta taɓa. Hagu ta faɗo gefen dama, komai da komai daidai, kamar an tsaga kara. Malam Dalhatu ya tuna shekarun da ya yi yana zana ƙafa bibbiyu, ya ji tausayin kansa.

Jarrabawar da Muhyiddeen ya sa masa ita ce takalmin Sallar Alhaji Idrisu, mai manyan motoci a Dakata, wanda ya fi shekara ashirin ba ya sa takalmin kowa sai na Malam Dalhatu. Alhaji yana Umara a lokacin, don haka aka ɗauko tsohon kwalinsa aka ɗauki hoton ƙafar dama aka sa a allo.

To, ga abin da ba a rubuce a kwali ba. Alhaji Idrisu mutum ne mai daɗewa a zaman tahiya, in ya idar kuma ya zarce da lazimi bai gyara zama ba. Kowa ya san ƙafar hagu ake shimfiɗawa a zauna a kai, saboda haka idon sawunsa na hagu ya yi kanta, baƙa, tudu guda, kamar ta dattawa da yawa a garin nan. Duk lokacin da Malam Dalhatu zai yanka masa sau-ciki, wuƙar kan sauka da kanta ta rage bakin takalmin hagu da faɗin yatsa, ya kuma liƙa laushin fatar akuya a ciki. Bai taɓa rubutawa ba, bai taɓa gaya wa kowa ba, shi kansa bai san yana yi da tunani ba. Hannunsa ne ya sani, kuma a wannan karon ba a tambayi hannun ba. Ya zana dama, zane na gani na faɗa, ya taɓa madubi, inji ya yanka.

Takalmi ya fito kamar a lasa. Muhyiddeen ya ɗaga shi sama ya zagaya da shi sashe-sashe, ya sa aka buga zanen a babbar takarda aka kafa a ofis. Aka ba Malam Dalhatu takardar shaida, aka ɗauke shi hoto riƙe da allo, aka ce tebur nasa ne. Ranar ya sayi tsire ya kai gida.

Kwana huɗu bayan Salla sai ga Alhaji Idrisu a ƙofar kamfanin, sanye da silifas ɗin roba, yana ɗingishi, da leda a hannu. Bai zauna ba. Ya zazzage takalmin a kan teburin oda, ya ɗage wandonsa ya nuna idon sawun da ya saluɓe. Ya ce tun kafin ya kai filin Idi abin ya soma cinsa, da aka sallame kuwa a hannu ya riƙo shi, shi da babbar rigarsa, gaban surukansa.

Malam Dalhatu ya ɗauki na hagun. Babban yatsansa ya bi bakin takalmin, nan take ya gane.

Alhaji ya juya ga Muhyiddeen, wanda ya fito da gudu daga ofis, ya ce, "Na ji labari kun kawo na'ura kun kawo masu zane. To ni ba ruwana da ci gabanku. Wanda ya yi wannan bai taɓa riƙe ƙafar mutum ba. Ku cire shi, ku mayar wa Malam Dalhatu aikinsa. Bawan Allahn nan shekara ashirin bai taɓa cizona ba, ku zo ku wulaƙanta shi da tsufansa?"

Muhyiddeen ya dubi Malam Dalhatu. Malam Dalhatu ya dubi takalmi. Kalma biyu ce, ni ne, ta zo har maƙogwaronsa ta tsaya. Bai taɓa jin an yabe shi haka a gaban jama'a ba, bai kuma taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Muhyiddeen, da yake ɗan kasuwa ne ɗan ɗan kasuwa, ya rusuna ya ce, "Alhaji, ku yi haƙuri. Yau ɗin nan zai bar mana kamfani."

"Madalla," in ji Alhaji. Ya tuɓe silifas ya taka kwali, Malam Dalhatu ya durƙusa da biro.

Yana nan a teburinsa har gobe. Da allo yake zane yanzu, ya ma fi da iyawa, sai dai dama daban hagu daban, kuma ba wanda ya isa ya sa shi taɓa madubi. Shi da Muhyiddeen ba su taɓa tayar da maganar ba. Wahalar ɗaya ce, Alhaji Idrisu mutum ne mai tausayi, kuma abin ya tsaya masa a rai cewa ya raba wani da abincinsa. Duk zuwan da zai yi sai ya rage murya ya tambaya.

"Malam Dalhatu, wancan da aka kora saboda ni, ka san inda yake? Yana da iyali?"

"Yana da su, Alhaji."

"Ka ce masa ya yafe mini. Amma gaskiya bai iya ba."

"Zan gaya masa, Alhaji," in ji Malam Dalhatu, kansa a sunkuye. "Ku miƙo hagun."