Jirgin Mutum Huɗu, Ni Ne Na Sauka

Shekara tara ke nan da rasuwar Yaya Habibu, ɗan wan mahaifina, Allah Ya jiƙansa. A ƙauyenmu na bakin dam, arewa da Tofa, in an ambace shi sai a ce "mai tseren kwalekwale", a ɗan yi murmushi. Ni murmushin ba ya zo mini. Ina cikin mutum huɗun da ke tuƙa jirginsa, kuma a kaina tafiyar ta tsaya.

Wanda bai san yankinmu ba ba zai gane abin da ruwan nan yake a wurin Yaya ba. Gona na jingine da gona, kana fita ƙofar gida ka taka kunyar gonar wani. Dam ɗin ne kaɗai inda ido zai miƙe bai ci karo da iyakar kowa ba. Yaya masunci ne, amma ko ba ya su yana kan ruwa.

Wata rana wani jami'in wasanni ya zo sayen kifi, ya ga yadda Yaya ke sarrafa filafili, ya ba shi labarin babbar gasar tseren jirage ta ƙasa. Ba haka kawai ake shigarta ba. Sai kun ci tantancewar jiha, sannan ku je ta shiyya, inda jirage biyu na farko kaɗai ke samun gurbi. Waɗanda suka faɗi akan ba su tsere ɗaya na ƙarshe bayan 'yan makonni, da sharaɗin mutanen da aka rubuta tun farko su za su dawo, ba canji.

Yaya ya tattara mu: ni, da Mudi, da Ɗanladi. Dam ɗinmu ba shi da miƙaƙƙen tsawon da ake tsere a kai. Mu fara gudu ke nan sai ga dajin kacala, wannan doguwar ciyawa mai cin ruwa, ya tare gaba. Mu juya, mu dawo, mu sake juyawa. Masu noman rani na faɗa wai muna karkaɗa musu tiyon injin ban-ruwa. Haka muka yi rani biyu, muka ci ta jiha.

A shiyya muka san mu kifin rijiya ne. Jirgin gasar siriri ne, kujerunsa na zamewa gaba da baya, kwana uku kacal aka ba mu mu saba da shi. Duk da haka muka zo na uku, tsakaninmu da na biyu bai kai tsawon jirgi ba. A mota Yaya bai yi baƙin ciki ba. Cewa yake, "Saura ƙiris. Mu dai kada wanda ya karye."

Kafin ranar tseren ƙarshe mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ni kaɗai ne namiji a gidan. Ana gobe tafiya kuma aka yi ruwan shuka. Kowa na gonarsa, ba hannun aro a gari. Tafiyar ta kwana takwas ce, ƙasa kuwa ba ta jiran kowa. Gaba kura, baya sayaki: in na tafi, gidan mutum tara ya rasa damina, in na zauna, mutum uku sun rasa guminsu na shekara biyu.

Da hantsi Yaya ya same ni a gona, ina sara da sungumi.

"Garba, mota da azahar za ta tashi."

"Yaya, ka ga halin da ake ciki."

Ya dubi gonar tun daga wannan iyaka har waccan. Sai ya ajiye jakarsa a gindin gawo, ya ɗauki ƙwaryar iri, ya bi bayana yana zuba gero yana rufewa da ƙafa. Har la'asar muna shuka, mota ta tashi ta bar mu.

Ba mu ƙara samun wata damar ba. Mudi ya bi motocin shanu zuwa kudu, aka yi wa jami'in nan canjin wurin aiki, kacala ta ci gaba da matse ruwan. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada bai gama wanka ba. Yaya dai bai daina fita ba, shi kaɗai, yana kai da komo a ɗan abin da ya rage, har ciwo ya kwantar da shi.

Yanzu nama nake sayarwa a Bacirawa. Wani lokaci nakan ga samari sun duƙufa kan waya suna kallon irin tseren nan na ƙasashen waje, sai in tambayi kaina me Yaya zai ce. Ina jin ba zai tsaya yabon jiragen ba, faɗin ruwan zai tsura wa ido. Da zai ga dam ɗinmu a yau, inda muke juya jirgi an shuka albasa, ban sani ba ko zai yi kuka ko zai tambayi kuɗin buhu. Mutum ne da ba ya riƙe abin da ya wuce. Wannan halin ne ban gada ba.

A kwanciyarsa ta ƙarshe na daure na ce, "Yaya, ka yafe mini maganar gasar nan."

Ya ce, "Geron shekarar bai yi kyau ba ne?"

"Ya yi."

"To, me zan yafe?"

Bai bar kofi ba, bai bar hoto ba, sunansa ma ban san ko yana nan a wata takarda ba. Abin da ya bari shi ne na ga mutum ya ajiye abin da ya fi so a duniya bai taɓa yi wa kowa gori ba. Da ya zage ni ko sau ɗaya, wataƙila da tuni na huta. Shi ya sake ni tun yana da rai. Ni ne har yau na kasa sakin kaina.

Allah Ya sa Aljanna ce makomarka, Yaya.