Malama Habi Sa'adu da Ma'aunin Ɗan Ciki

Haihuwa da karatu

An haifi Malama Habi a Marnona ta ƙasar Wurno a shekarar 1967. Mahaifinta Malam Sa'adu manomin gero ne, sunan mahaifiyarta Fatsuma. Ta yi firamare a Wurno, ta kammala karatun ungozoma a Sakkwato a 1988.

Aure da aiki

A 1990 ta auri Bilyaminu, mutumin Rara, suka haifi ɗiya uku kafin rasuwarsa a 2004. Ba ta sake aure ba. A 2014 aka mayar da ita wani ƙaramin asibiti a ƙasar Goronyo, inda aka koya musu na'urar hoton ciki, ita da abokiyar aikinta Alice. Ana auna kan ɗan ciki da cikinsa da ƙashin cinyarsa, a gwada da jadawali, a ga ko girmansa ya dace da watanninsa.

Jadawali biyu aka ba su. Na farko an haɗa shi daga lafiyayyun mata masu ƙoshi na ƙasashe da dama. Na biyu daga matan yankin aka haɗa shi. Na farko yakan nuna yara da yawa ba su kai ba, sai a tura uwa Sakkwato a hanyar da 'yan bindiga ke tarewa. Na biyu kuwa kusan kowa daidai ne a wurinsa. Shi suka zaɓa, magidanta suka yi ta sa musu albarka.

Shekarar 2020

A wannan shekara ɗiyarta Rahama, wadda ke aure a Shinaka, ta zo awo bayan hare-hare sun hana su noma damina biyu. Malama Habi ta auna, jadawalin gida ya ce daidai, ta sallame ta. A wata na tara aka haifi yaron babu rai, ɗan mitsitsi.

Daga nan Malama Habi ta koma ga jadawalin farko, ita kaɗai. Mata suka ƙaurace mata, suka koma layin Alice, ana kiranta mai tsorata masu ciki. Takan wuni a ɗakin awo, bencin ƙofarta ba kowa. Wani magidanci ya taɓa tare ta ya ce, "Inna, mi kike gani wanda Alice ba ta gani?"

Ta ce, "Ɗana, in da mudun yunwa ka auna yaro, kullum cikakke za ka gan shi."

Ƙarshen rayuwa

Shekara uku Rahama ba ta tako wurinta ba. A 2023 ta dawo da wani ciki, ta wuce layin Alice, ta zauna a bencin uwarta. Awo ya nuna bai kai ba. Malama Habi ta rubuta takardar Sakkwato, ta raka ta tasha duk da ita Malama Habi ciwon ƙoda ya ci ƙarfinta. A can likitoci suka ciro yarinyar kafin lokacinta, aka riƙe su mako biyar.

Rasuwa

Malama Habi ta rasu ranar 9 ga Nuwamba, 2023, aka yi jana'izarta a Marnona bayan la'asar, sahu biyu. Ta bar ɗiya uku: Faruk, Abdulƙadiri da Rahama, da jika ɗaya, Sharifa ɗiyar Rahama, wadda aka sallamo daga Sakkwato kwana huɗu bayan an rufe kakarta. Allah Ya gafarta mata.