Layin Gawayi a Bangon Filin Wasa

Sa'id, wani tela a unguwar Bolori, gwanin tseren mita ɗari takwas ne tun yana sakandare. Gajere ne, amma da an shiga kwanar ƙarshe sai ya tsinke da gudu ya bar dogaye suna haki. Burinsa ya shiga tawagar jiha.

Ranar zaɓe, kociyan tawagar ya jera 'yan tseren jikin bango inda ya ja layi da gawayi. Kan Sa'id bai kai layin ba.

"Malam, a gwada mu a fili mana," in ji Sa'id.

"Kai guntu, takunka biyu taku ɗaya ne na dogo. Matsa."

Wannan ai zalunci ne. Dogayen suka tafi gasa, shi ya kama ɗinki. Har yau ba wanda ya san iyakar gudunsa.