Ranar da Baba Ya Tsaya a Kan Dogo

Shekarun baya can, zamanin da Bature ke mulki, ina sabuwar amarya a Agege, mahaifina ya yanke jiki ya faɗi a wurin alwala. Dillalin goro ne, shi ke ɗaure huhu ana lodawa a jirgin ƙasa zuwa Kano. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Aka yi ta magani, wanzami ya yi ƙaho, har Allah ya sa ya miƙe yana jan ƙafa. Muka yi sadakar waina, mu a dole ciwo ya wuce. Ashe da sauran rina a kaba.

Bayan wasu watanni sai ya fara mantuwa. Ya ci tuwo ya ce an hana shi abinci. Ya idar da la'asar ya sake kabbarawa. Mahaifiyata ta ce, "Tsufa ne, ku ƙyale shi." Tsufa ina? Mutumin da ko furfurar kirki bai tara ba.

Wata rana da hantsi mahaifiyata ta faɗo gidana ba sallama. "Babanki ba ya ɗaki!" Na fita ba mayafi, ni da ko kazar gidanmu ta fi ni gudu, amma ran nan ban san ƙafata na taɓa ƙasa ba. Can bayan tasha na hango shi tsaye tsakiyar layin dogo, ya harɗe hannu a baya yana jiran jirgi kamar yadda ya saba. Kuma ga kukan jirgin Kano daga nesa.

Na kama hannunsa na ce, "Baba, taho mu tafi." Ya fizge, ya dube ni sama da ƙasa.

"Ke baiwar Allah, matar wa ce ke? Kada ki ƙara taɓa ni."

Innalillahi! Ubana ne bai san ni ba. Na ja, ya turje, ga shi ƙato, ga ƙarfen dogo ya fara rawa a tafin ƙafata. Wasu Yarabawa mata na ta ihu daga gefe, ba wadda ta iya matsowa. Ban san inda maganar ta fito ba, sai na ji bakina ya ce, "Malam, yaranka sun bar huhun goro a rana, ko ruwa ba su yayyafa ba!"

Mai goro ya yarda a zage shi da dai rana ta bugi kayansa. Ya ce, "Kai, 'yan banza!" Ya sauko yana ɗingishi yana faɗa. Jirgin ya wuce, iskarsa ta kwashe hularsa.

Da muka koma gida ya ce wa mahaifiyata, "Baƙuwar nan tana da kirki, ki ba ta goro." Na durƙusa na karɓa, na yi godiya. Har ya koma ga Allah a baƙuwa nake.

Sai da na tsufa wata jikata mai aikin asibiti ta gaya mini cewa ciwon shanyewar jiki a ƙwaƙwalwa yake, kuma wanda ya taɓa shi ya fi kusa da ciwon mantuwa. Mu ƙafa muka yi ta dubawa. Har yau in an ce mini jikin wane ya shanye amma ya miƙe, nakan yi barka, sannan in ja 'yarsa gefe in tambaye ta a hankali, "Yana kiran sunanki kuwa?"