Ƙahon da na yi wa Yaya Umaru

Har yau ban manta da Larabar da na isa Kalgo da zabirata ba, a shekarar babbar mura, lokacin yankan dawa. A lokacin shekarata goma ina wanzanci a Gwandu, ƙarƙashin Sarkin Aska. Aiko mini aka yi cewa wana Umaru, wanda yake noma a can, ya kwanta.

Ku da kuka taso yanzu, bari in faɗi yadda aka koya mana. Akan kafa ƙaho a inda ciwo yake, a zuƙe iska, a toshe. In fata ta taso sai a yi tsaga da aska, a mayar da ƙahon. Jinin farko baƙi yake fitowa, shi muke kira mataccen jini. Ba a tashi sai an ga ja ya biyo baya. Wanzamin da ya bari kafin nan, cewa ake yi ya ha'inci mai ciwo.

Na same shi a zaure, yana numfashi kamar wanda ya yi gudu. Duk da haka sai da ya tsokane ni.

"Garba, kai anka turo? Ashe wanzamai sun ƙare Gwandu."

Na ce, "Juya bayanka, Yaya, ka bar surutu."

Na kafa huɗu a baya. Jini ya zo baƙi, mai kauri. Na zubar, na sake kafawa, ya sake zuwa baƙi. Na koma kafaɗa, na koma ƙirji, har na sauka ƙafa. Ko'ina ɗaya. Ni kuwa ja nake nema, domin abin da na sani ke nan.

Can ya riƙe hannuna, yatsunsa da sanyi.

"Ƙanena, ka gaji. Zauna nan kusa, in jingina da kai."

Na ce saura kaɗan. Na ƙara biyu. Bayan la'asar Allah ya karɓi abinsa, ƙahonin suna jikinsa.

Da aka yi addu'ar uku na koma Gwandu, na kai wa Sarkin Aska bayani, kamar yadda aka saba in mutum ya rasu a hannun wanzami. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Ka dubi leɓɓansa? Ka dubi faratansa?"

Na ce, "Sun yi duhu, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Mutum shida na gani haka. Wannan ciwon ba ya zama wuri guda balle ka jawo shi. Ya bi jini, ya zaga jiki. Ko ka kwashe jinin duka ba ka ganin ja." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni ma sai a na huɗu na gane."

Ranar ya tara mu, ya hana ƙaho ga duk mai wannan murar. Mutane sun ji haushi, wata tsohuwa har da cewa tsoro ne ya kama mu. Muka riƙa shiga gidaje hannu wofi. Mu tayar da mai ciwo zaune, mu tokare bayansa, mu ba shi ruwa da kunu kaɗan-kaɗan. Wasu sun tashi, wasu ba su tashi ba.

Bayan shekaru wani malamin asibiti ya fahimtar da ni sauran. Ya ce ta hanci cutar take shiga, ta sauka huhu. Huhu ne ke ba jini iska, in ya cika da ruwa sai jinin ya yi duhu, ya isa kowace gaɓa a haka.

Ban ce ƙahona ne ya kashe Yaya ba, kwanansa ne ya ƙare. Amma ɗan ƙarfin da ya rage masa ni na zuba a ƙasa. Saboda haka in kun shiga wurin mai ciwo, ku dube shi tukuna, ku ji abin da yake faɗa, kafin ku kwance zabira. Wani lokacin aikin da ya rage wa wanzami shi ne ya zauna.