Wankan Gida a Haihuwa ta Biyar

Ko tsufa zai kwashe min komai daga kai, har in riƙa cigiyar carbina yana rataye a wuyana, akwai wata la'asar guda a tsakar gidanmu na Birniwa da ba zan taɓa mantawa da ita ba. Na sha ba 'ya'yana mata labarin, da na ɗauko sai su ce, "Umma, ai mun sani." To ba su sani ba, ji kawai suka yi.

Sai na fara da mahaifiyata, don ba za a gane labarin ba sai an gane ta. Ni 'yar fari ce, Inna kuma jinin Fulani ce, irin waɗanda kakanninsu suka ajiye sanda suka zauna a gari amma ba su ajiye kunya ba. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce wa ƙannena, "Ku kira min waccan." In ta dafa abu mai daɗi sai ta ce a kai wa kakata ta wajen uba, alhali ta san tsohuwar ba ta da haƙoran cin nama, kuma a ɗakinta nake kwana. Ranar da za a kai ni gidan miji ma fura ta zauna tana damawa, kamar bikin maƙwabta ake yi. Ina yarinya na ɗauka ba ta sona. Da na girma na gane al'ada ce, amma ganewar ba ta rage min zafin ba.

Wani ƙauye aka kai ni a bakin fadama, can wajen Kirikasamma. Mijina manomin shinkafa ne, in ruwa ya janye kuma ya koma su. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda in akuya ta ci masa shuka shi zai ba ta haƙuri. Allah kuwa ya buɗe min ƙofar haihuwa, ya buɗe ta da faɗi. Goyo bai gama koyon zama ba sai wani cikin ya shiga, abin da muke kira kwanika. Matan ƙauye har tsiya suke min a bakin ruwa, wai ko kaza tana hutawa tsakanin ƙyanƙyasa. Ina dariya tare da su, amma in na sunkuya ɗaukar tulu sai duniya ta juya min. Na ukun, wanda dole ta sa na yaye shi yana rarrafe, bai taɓa yin ƙwari ba. Ya koma ga Mai shi kafin ya iya cewa Umma, kuma har yau ina ganin siraran ƙafafunsa.

Haihuwa ta biyar ta zo da damina, shekarar da ruwa ya cinye hanyarmu. Na haihu lafiya da hantsi, sai jini ya ɓalle. Aka shimfiɗa ni a kwale-kwale, ciyawar kachalla kuma ta toshe mashigar ruwan, mijina yana tuƙi yana sara da adda, yana kiran sunayen Allah da muryar da ban san yana da ita ba. Abin da nake iya tunawa shi ne sararin sama da tsuntsaye suna wucewa, ina ce wa raina ashe haka ake tafiya. A asibitin Haɗeja na farka, jinin mijina yana shiga jikina ta roba.

Ranar da za a sallame ni, malamar asibitin ta ja kujera ta zauna kusa da mu. Ta ce, "Rai na Allah ne, ban isa in ce ga ranar kowa ba. Amma mahaifar nan ta gaji. In wani cikin ya shiga kafin ta huta, ina jin tsoron abin da zai biyo baya." Ta nuna mana ƙwayoyi, ta yi maganar allura, sannan ta nuna wani ɗan siririn abu da mata ke kira ashana, wanda ake sawa a ƙarƙashin fatar dantse, a cire shi duk ranar da aka so. Mijina ya ce, "To Malama, bari mu je mu yi shawara."

Shawarar nan ita ta kusa kashe ni. Ya kai maganar gindin bishiyar da maza ke zama, nan take kowa ya zama likita, kowa ya zama malami. Wani ya ce dabarar Turawa ce don a rage mu. Wani mai bin 'yan siyasa ya ce da yawa ake cin zaɓe, wanda ya rage haihuwa ya rage wa yankinsa ƙuri'a, kamar shi zai yi min naƙudar. Yayan mijina ya ce kowane yaro da arzikinsa yake zuwa, wannan shiga hurumin Ubangiji ne. Mata kuma nasu daban, wai ashanar tafiya take yi a cikin jiki har ta je ta soki zuciya. Ni kaina tsoro biyu ne ya saka ni a tsakiya, ina tsoron ashana, ina tsoron kwale-kwalen nan. Mijina ya shigo ɗaki idonsa jajur ya ce, "Wallahi ina tsoron in rasa ki, kuma ina tsoron Allah ya kama ni." Daga nan muka bar maganar, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya sake ɗauko ta.

Bayan suna da 'yan kwanaki sai ga Inna a kwale-kwale, ta ƙanƙame gefensa da hannu biyu. Matar da ruwan da ta sani bai wuce na guga ba! Ashe ƙanwata da ta yi jinyata a asibiti ta kwashe komai ta faɗa mata. Ko inda nake ba ta kalla ba. Ta gaisa da uwar mijina, ta sha ruwa, ta ce, "Na zo ɗaukar waccan wankan gida."

Uwar mijina ta riƙe haɓa. "Wankan gida a haihuwa ta biyar? Ai na fari ake yi wa, Hajiya. Wa ya taɓa gani?"

Inna ta ce, "To yau an gani."

Haka ta tattara ni da jaririn da wanda yake bi, aka bar manyan biyu wajen kakarsu. A Birniwa ta riƙa tashi tana dafa min ruwa da ganyen darbejiya, amma ba ta bari ya yi zafin da aka saba, don ƙanwata ta ce malama ta hana. Kunun kanwa, kindirmo, romon kaza, duk za ta ajiye a bakin ƙofa ta ce wa iska, "A ce wa waccan ta shanye." Na yi ƙiba, jiri ya tafi, har na fara jin kunyar yawan cin da nake.

Arba'in ta zo ta wuce, ban ga ana soya gara ba, ban ga ana shirin mayar da ni ba. Mijina ya aiko gwaggonsa, Inna ta ce, "Ba ta gama wanka ba." Aka sake aikowa, amsar ba ta canza ba. Can ƙauye aka fara cewa yaji na yi. Ni kuma kewar 'ya'yana ta dame ni, har da kewar mai ba akuya haƙuri, amma wa ya isa ya tambayi Inna dalili?

Sai ya zo da kansa, wata ranar Juma'a, da buhun shinkafa da kwandon bandar kifi. A al'adarmu suruki ba ya haɗa ido da surukarsa. Daga nesa zai tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin zaure ya yi gaisuwa, ita kuma ta amsa daga cikin ɗaki, in da magana a ba wani ya kai. Tun da aka ɗaura mana aure haka suke, ina jin da sun haɗu a kasuwa ba lalle ya gane ta ba. Mahaifina ya riga ya rasu, don haka kowa ya ɗauka ƙanensa za a kira ya ji abin da ya kawo baƙon.

Inna ba ta aika a kira kowa ba. Ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a tsakar gida, ta ce a shigo da shi, ta zauna suna fuskantar juna. Ƙanwata ta saki muciya a tukunya. Ni ina bayan ƙofa da jariri a kafaɗa, ina leƙe ta jikin asabari, na ga gumi yana bin wuyan mijina.

Ta ce, "Ɗana, yau zan ajiye kunya in yi magana da kai, ka yafe min. Ni ban san fuskar uwata ba. Ina goye a bayanta wani cikin ya shiga, ta tafi da shi a ruga, ba asibiti, ba wanda ya ce ga dabara. A hannun mutane na tashi." Ban taɓa jin wannan labarin ba sai ranar. Ta ci gaba, "Mu a zamaninmu, mace in ta ga za ta cutu, gida take zama har ta yaye. To ka zaɓa. Ko ta zauna nan har yaye irin na da, ko ka kai ta a yi mata na zamani ta koma ta riƙe 'ya'yanta."

Kansa a ƙasa ya ce, "Inna, wallahi ba ƙi nake ba. Tsoron Allah nake ji."

Ta ce, "Ni ma Shi nake tsoro. Ban yi karatu ba, amma na san ba a gindin bishiya ake ɗaukar fatawa ba. Ga liman can, je ka tambaye shi. In ya ce haramun ne, ta zauna nan, ni zan ciyar da ita." Sai muryarta ta karye. Ta ce, "Na binne uwa ban san ta ba. Ba zan binne..." Sai ta faɗi sunana. Gaba ɗayansa, yadda aka raɗa min shi.

Na zame na zauna a ƙasa. Ina uwar 'ya'ya, har da furfura ɗaya biyu, amma kuka na yi irin na yarinyar da aka tsinto a kasuwa. Ashe duk shekarun nan sunan yana bakinta, riƙe shi kawai take yi. Mijina ma ya sa hannun riga yana share ido, Inna kuwa ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki, ba ta sake fitowa ba sai magariba.

Bayan sallar la'asar mijina ya tsaya wajen liman, ya dawo ya same ni a zaure. Ya ce liman ya yi masa tambayoyi da yawa, sannan ya ce masa hutawa daban, yanke haihuwa gaba ɗaya daban. In masanin lafiya amintacce ya ga cutarwa, miji da mata kuma suka yarda, shi bai ga laifi a tazara ba, ya kuma tuna masa cewa shayarwa ma shekara biyu Alƙur'ani ya ambata. Sai mijina ya dube ni ya ce, "To ke me kike so?" Tun da aka fara maganar nan, daga gindin bishiya har bakin ruwa, ba wanda ya taɓa yi min wannan tambayar. Na ce, "Ina so in ga auren 'yata."

Mu uku muka je Haɗeja. Inna ta zauna a benci a waje da jariri a cinya, tana kallon bango kamar rakiyar wata baƙuwa ta yi. Kafin in gama karanta abin da na iya na addu'a har an gama sa ashanar. Ba zan ɓoye ba, al'adata ta rikice na wasu watanni, na koma wajen malama ta duba ni ta kwantar min da hankali, daga baya abin ya daidaita. Ashana dai ba ta je ko'ina ba, kullum ina taɓa ta tana nan inda aka ajiye ta. Yayan mijina ya daɗe ba ya amsa gaisuwata da kyau, kuma ban riƙe shi ba, shi ma abin da ya fahimta ke nan. Da yaron ya yi wayo har yana bin ubansa gona, muka je aka cire, na haifi autata lafiya lau a kan gadon asibiti. Mijina ya sa mata sunan Inna, ga shi yanzu ni ma ba na iya faɗin sunan, Ummi muke ce mata.

Inna ba ta sake kiran sunana ba har ta koma ga Allah. Washegarin ranar ma "waccan" na koma. Amma ban ƙara jin zafin kalmar ba, don na riga na san abin da ke ƙarƙashinta.

Abin da na koya shi ne, maganar da ta shafi ran mace a kai ta wajen masu sani, na addini da na asibiti, sannan a juyo a tambayi mai jikin. Kunya kuma ado ce, ina son ta, amma ranar da rai ke bakin rami ajiye ta ake yi. Na ga auren 'yar farina, na goya 'ya'yanta. Kullum ta shigo gidan nan da sunanta nake tarbarta, da ƙarfi, har maƙwabta suna cewa ni ban gaji Fulani ba. Su faɗi abin da suke so. Ni na san daɗin jin sunanka a bakin uwa, kuma ba zan sa 'yata ta jira sai ta kusa mutuwa kafin ta ji ba.