Sista Kashe-Fanka

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, kusan duk shekarun aikinta a ɗaki ɗaya ta yi su, can ƙarshen barandar asibiti, inda masu shirin fita ƙasashen waje suke zuwa a duba su a yi musu rigakafi. Ɗakin ba wani girma gare shi ba. Tebur ne, da firjin ajiye allurai, da bencin katako a jikin bango, sai fankar sama wadda fiffikenta ɗaya ya lanƙwashe, in tana juyawa sai ka riƙa jin ƙwas-ƙwas. Tagogin duk an sa musu raga, kuma kullum da safe sai an fesa magani. Ko kafirin sauro bai isa ya shiga ɗakin nan ba.

Hannunta da sauƙi. Kafin ka gama runtse ido ta zare allurar shawara, ta danna maka auduga, ta buga hatimi a katin nan ruwan ɗorawa. Bakinta ne dai babu sauƙi. Wanda ya zo mata ana gobe zai tashi, sai ta dube shi sama da ƙasa.

"Jirgin ka sani, ba ka san jininka ba? Allurar nan sai ta yi kwana goma kafin ta fara tsare ka. Sauron can ba ya karanta kati."

Daga nan sai karatu: gidan sauro, man shafawa mai korar sauro, riga mai dogon hannu, ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro da yadda ake shan su, da sauron rana mai kawo zazzaɓin da allurarta ba ta tsare shi. In ta gama, sai ta zaunar da kai a benci na ɗan lokaci, a ga ko jikinka ya karɓi allurar lafiya. Wannan kowa yana yi. Abin da ya bambanta ta shi ne, da zarar ka zauna sai ta miƙa hannu ta kashe fanka, komai zafi, ta koma kujerarta ta sunkuyar da kai. Abokan aikinta suka laƙaba mata Sista Kashe-Fanka, suna cewa rowar wuta take yi wa asibiti.

Ni mai shisshigi ce tun ina ƙarama, shi ya sa wata rana da na kai mata saƙo na tarar ɗakin ba kowa sai ita, na tambaye ta dalilin kashe fankar. Ta daɗe tana goge tebur da ba shi da datti.

"Saurare nake yi," in ji ta.

"Sauraren me, Gwaggo?"

"Kukan sauro. Wani in ya zauna, shiru kake ji. Wani kuwa sai ka ji shi siriri, yana zagaya kansa, shi mai shi bai sani ba."

Na yi dariya, na ce ai raga ce ta huje. Ba ta taya ni dariyar ba. Ta ce farkon wadda ta ji wa wata 'yar kasuwa ce mai fara'a, da ta tafi sayo kaya, aka dawo da akwatunanta ban da ita. Sai wani ɗalibi, sai wani direban babbar mota. Wasu sun dawo a kan gadon asibiti sun warke da ƙyar, wasu ba su dawo ba. Ta sa an canza raga, ta sa an duba mata kunne, lafiya lau.

"To, gaya musu kike yi?"

"In ce me? Kada ka tafi, na ji sauro? Sai a ɗaure ni. Maimaita musu karatun nake yi, har su gaji da ni. Wanda ya ji ya ji."

Ɗa ɗaya Allah Ya ba ta, abokin wasana, wanda muke kira Dogo. Walda yake yi, ƙato mai yawan dariya, wanda bai taɓa ɗaukar komai da zafi ba. Bara ya samu aikin gyaran jiragen ruwa a wata ƙasa mai yawan ruwan sama da fadamu. Ranar da zai je allura na ce sai na raka shi, in ga yadda ƙato zai yi kuka.

"Ke dai baƙin ciki kike yi," in ji shi. "In na dawo ke za ki riƙa ɗaukar mini jaka."

Gwaggo ta karɓe shi kamar baƙo. Ta tambaye shi ko ƙwai yana tayar masa da ƙaiƙayi, ita da ta soya masa shi tun yana rarrafe. Ta yi allurar, ta buga hatimi, ta yi karatunta, ta nuna masa benci. Na zauna kusa da shi, ina kallon hannunta. Hannun ya tafi wajen makunnin fanka, ya tsaya, sai ta murɗa shi zuwa ƙarshen gudu. Takardun kan tebur suka fara tashi.

"Umma, yau kuma ba a rowar wuta?" in ji Dogo.

"Zauna ka yi mini shiru."

Bai daɗe da rufe baki ba aka ɗauke wuta. Firji ya yi tsit. Fankar ta ci gaba da juyawa tana rage gudu, ƙwas, ƙwas, tsakanin kowace ƙara da 'yar'uwarta yana ƙara nisa. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Gwaggo ba sai ranar. Ta miƙe tsaye, tun kafin fankar ta tsaya ta soma magana da ƙarfi.

"Gidan sauro, ka cusa gefensa ƙarƙashin katifa, ka ji ko? Kada ka bar ruwa a bokiti. Man nan ka shafa har wuya da idon sawu. Da rana ma suna cizo, da rana ma! In jikinka ya yi zafi kada ka ce gajiya ce…"

Ta kai ƙarshe ta sake komawa farko. Muryarta ta dushe, gumi yana zuba, tana buga tebur da tafin hannu, ba ta bar wa shiru ko kafar allura ba. Dogo ya daina dariya yana kallonta. Amma mutum dole ya ja numfashi. Sau ɗaya ta tsaya ta ja, kuma a wannan ɗan tsakanin na ji shi, siriri, daga ɓangaren da Dogo yake. Sai janareta ya tashi, fanka ta ɗauka.

Dogo ya tafi da jaka cike da man shafawa da gidan sauro har biyu. Gwaggo ba ta ƙara wata guda a aikin ba ta ajiye, ta ce ƙafa ke damun ta. Yanzu tana gida, fanka a kunne, rediyo a kunne, ko sanyi ake yi. Tausayinta nake ji har cikin raina, kuma tsoron zama kusa da ita nake yi. Dogo yakan kira ta duk Juma'a bayan an sauko, ya tsokane ta, ya ce sauron can ma sun san ɗan wace ce.

Ɗazu na je gaishe ta. Wayarta tana kan cinyarta. Ta rage rediyo kaɗan, ba ta dube ni ba.

"'Yar nan, ranar nan da aka ɗauke wuta, kin ji wani abu?"

"Muryarki kawai na ji, Gwaggo."

Ta gyaɗa kai, ta mayar da rediyon yadda yake, ta juya wayar ta duba fuskarta. Yau Lahadi, bai kira ba tukuna.